Kafin Liman Ya Sallame

Kuɗin tafiyar Inna Kano ne, kowa a gidanmu na unguwar Utaibiyya ya san da haka. Tana yarinya aka shigo da ita Makka ta hanyar Sudan, kuma ƙanwa ɗaya ta rage mata a Kano, ita ma ciwo ya kwantar da ita. Yayana ya yi dako a Mina, ni na sayar wa alhazai abinci, muka haɗa. Sai ya ce kafin takardun fita su kammala, bari ya zuba kuɗin a hannun jarin kasuwar Amurka ta wayarsa, su ɗan yi auki. Na ce ban yarda ba. Ya ce in kwantar da hankalina, ai ya ɗaura musu igiya: in farashi ya sauka zuwa wani wuri, wayar da kanta za ta sayar, asara ba za ta yi yawa ba. Na ja tsaki na ƙyale shi, don babba ne.

Kasuwar tasu sai bayan la'asar ɗinmu take buɗewa. Daga nan shi da waya ne, shayi ma a gabansa yake hucewa.

Ran nan aka kira Magariba, ya bar wayar a buɗe a kan firji ya tafi masallaci. Ina yanka albasa na ga layin farashin ya koma ja, yana gangarowa. Na ɗauke ta, ban san inda ake taɓawa ba, na ajiye, na sake ɗauka. Na leƙa taga, liman bai ma gama Fatiha ba. Sai ga saƙo: an sayar. Wallahi kafin a sallame, farashin ya koma inda yake, kamar da wasa.

Da ya dawo ya duba ya ga asarar ta wuce yadda ya zata, sai ya zauna a ƙasa. Ya shiga yi mini bayani, wai akwai na'urorin da ke saye da sayarwa kafin ƙiftawar ido, suna gano inda ƙanana irinmu suka ɗaura igiyarsu, su kwashe a araha. Manya kuwa wai a rufaffen ɗaki suke cinikinsu, ba mai ganin farashi sai an gama. Na ce duk ya san wannan ya kai kuɗin tsohuwa can? Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ban bar komai a cikina ba.

Ashe Inna na bakin ƙofa. Ba ta tambayi nawa ya rage ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin da ta daɗe da shiryawa, ta ciro dabinon tsarabar ƙanwarta, ta juye a faranti ta ajiye a tsakaninmu.

"Ku ci," ta ce, "kada ya lalace."