Takalman da Muka Cire Muna Jiran Malama Bara'atu

Safiyar Talata, sha biyu ga watan Safar, na goyo babana a babur daga Nahuce zuwa ƙaramin asibitin da muke zuwa a Bungudu, kamar yadda na saba duk bayan mako biyu. Muka tarar da mutum tara a kan benci, kowa ya cire takalmansa ya ajiye a gabansa. Haka kika koya mana, Malama Bara'atu: kafin ki iso, ƙafa ta sha iska, takalmi ya jira ki. Baba ya ajiye nasa guda ɗaya a ƙarshen layi. Takwas ta yi, tara ta wuce. Sai Rahama mai ba da kati ta fito, ta dafa bango. Ta ce jiya Litinin da azahar motar da kika shigo daga Tsafe, inda kika je duba masu irin lalurarmu, ta yi hatsari kafin Gusau, an yi jana'izarki bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni a firamare karatuna ya tsaya, amma shekara uku ina zaune gefe ina kallon hannunki.

Babana, Malam Labbo, ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa. Ta hagu an yanke ta ƙasan gwiwa, sanadin kanta, wato taurin fata, da aka fere masa da reza, wurin ya ƙi warkewa. Ta dama kaɗai muka kawo miki. Ranar farko ba ki ko kalli ƙafar ba, takalmin kika ɗauka kika zura hannu ciki. Kika fito da yatsa yana jini. Ƙusa ce ta huda daga ƙasa, kwana nawa yana taka ta, Allah kaɗai Ya sani. Tun daga ranar duk wanda ya zo wurinki da takalmi ake fara gaisawa.

Ma'aikaciyar jinya ce ke mai takarda, amma a 'yar kujera kike zama, ƙasa da mu, ki ɗora ƙafar manomi a cinyarki. Da gwiwar hannu kike gwada ɗumin ruwa. Ki tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Farce a miƙe kike yanke shi, ba kya bin gefe. Kanta kuwa kaɗan kaɗan kike rage ta, da ƙarfen da ba a taɓa kowa da shi sai an dafa. Akwai wani siririn tsinken roba da kike taɓa tafin ƙafa da shi, mutum ya rufe ido.

"Baba, ka ji?"

"Na ji, ɗiyata."

"To ai ban taɓa ka ba tukuna."

Duk benci a sa dariya, shi ma ya yi.

Abu ɗaya kuka daɗe kuna ja. Baba tun yana saurayi ran Juma'a yake yanke farce kafin masallaci, ke kuma Talata kike zuwa. Ya ce kin raba shi da lada. Kika ce, "Baba, Talata ma ta Allah ce. Ka je masallaci da ƙafarka ya fi ka je da gajeren akaifa." Haka ya bi. Ni kuma da na roƙi ki koya mini yankan, kika ce, "Mannir, kai naka dubawa safe da yamma. Yanka nawa ne, ina nan." Ko lokacin da hanya ta yi muni, direbobi suna tsoron fitowa, ba ki taɓa fasa mana ba.

Kin ce kina nan, Malama.

Juma'a ta biyu bayan rasuwarki ina gona ina zuba taki. Na dawo na iske Usman mai yankan farce a zaure yana wanke almakashinsa, jini a kan tabarma, Baba yana jan carbi bai ma san an yanke shi ba. Farcen babban yatsa ne ya shiga nama, Usman ya bi shi ciki kamar yadda yake yi wa kowa. Ban ga laifinsa ba, abin da ya iya ke nan. Na ce, "Baba, mi Malama ta hana ka?" Ya ce, "Ta tafi, Mannir. Wa zan jira?"



Yanzu yatsan ya yi baƙi, ya fara wari, baƙin yana hawa. Na kai shi Gusau. Likita ya daɗe yana dubawa, ya rubuta magani, ya ce mu dawo Alhamis da shirin kwana. Na san wannan maganar, na ji irinta shekara uku da suka wuce, kafin a yanke ta hagu. Ƙafar da kika yi shekara uku kina riƙewa, ni da kika bar wa dubawa mako biyu ban iya tsare ta ba. Ɗakinki na asibiti kuwa har yanzu a rufe yake. An ce za a turo wani. Ba mu ga kowa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya tabbatar da ƙafafunki ranar da ƙafafu ke zamewa. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Alhaji Mas'udu, da 'ya'yanki Hafsatu da Muzdalifa. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na rasa.

Ga shaidar da nake so ta iso gidanku. Safiyar waccan Talatar, bayan Rahama ta faɗa, an daɗe ba wanda ya motsa. Da muka tashi tafiya, kowa sai da ya zura hannu cikin takalminsa ya shafa kafin ya sa, ba wanda ya ce a yi. Baba ma ya shafa nasa guda ɗayan, yana hawaye. Ba ni kaɗai na gani ba. Rahama ta gani. Inna Talatu mai ƙuliƙuli daga Kwatarkwashi ta gani. Malam Bashar mai gadin ƙofa ma yana nan tsaye, ku tambaye shi.