Sunan da Hajiya 'Yardada Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya san Malam Isyaku na Ƙofar Mazugal ya san ba ya iya ganin abu a rufe bai leƙa ba. Shekara ashirin da shida yana rubuta manhajar kwamfuta da yaren Java, ya yi wa makarantu, ya yi wa 'yan kasuwa, har ta kai idan aiki ya gagari matasa wurinsa ake kawowa. Yana da shekara hamsin da ɗaya sai ga shi ya koma ɗan aji ɗaya. Wani tsohon yaren kwamfuta ya tsinto, wai shi Lisp, wanda ma ya girme shi.

Ranar farko da ya buɗe shi dariya ya yi. Baka-biyu ne ko'ina, kamar an zubar da yankan farce a kan allon. Amma fa mutumin naku bai rufe ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda yaren yake tsara abubuwa. A Java kowane abu kamar akwati yake, sunansa na ciki, ayyukansa na ciki. A Lisp kuwa aiki a waje yake zaune, sai an kawo masa abu biyu ko uku ya dube su gaba ɗaya, sannan ya zaɓi yadda zai yi da su. “To wannan kuma amfanin me?” in ji Isyaku. Wata biyu yana juya tambayar, bai sami inda za ta yi masa rana ba.

Ana cikin haka idon mahaifiyarsa, Hajiya 'Yardada, ya ƙarasa tafiya. Tana zaune a gidansu na gado a Shahuci tare da ƙanwarsa Bahijja, ita kuma Bahijja malamar makaranta ce, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Wata Talata jiri ya kwashi Hajiya a tsakar gida, ta yi awa uku a zaune a ƙasa da waya a hannu, ba ta ganin abin dannawa. Isyaku ne mai mota, shi ke kai ta asibiti, kuma bai ji ba sai da yamma. Wallahi abin ya ƙona masa rai.

Sai ya haɗa mata 'yar na'ura mai maɓalli ɗaya: ta danna, ta faɗi suna, na'urar ta kira mai sunan. Da Lisp ya rubuta, don ya samu ya gwada hannunsa, amma da tsohon tunaninsa. Kowane ɗan gida akwati guda, suna a ciki, lamba a ciki. Ya kai mata yana ta washe baki.

Ta danna ta ce, “Bahijja.” Wayar Bahijja ta yi ƙara. Madalla!

“To Hajiya, yanzu ki kira ni.”

Hajiya ta gyara mayafi, ta juya fuska wajen bango. Bahijja kuwa me za ta yi in ba dariya ba.

“Haba Yaya! Duk bokon naka? Yaushe ka taɓa jin ta faɗi sunanka?”

Kunya ta rufe shi. Shi ne ɗan fari, kuma Hajiya irin matan da ne masu alkunya, waɗanda ba sa kama sunan ɗan fari ko za a yi me. Tun tasowarsa a haka ya ganta, shi ya sa ma bai taɓa lura ba. Ga jikanta Mamman, mai sunan marigayi mijinta, shi ma ba ta faɗa, sai dai “Maigidana”. Ashe dai ya ƙera na'urar da za ta kira kusan kowa a dangi ban da shi da aka yi ta dominsa.

A hanyar komawa, a cikin cunkoson 'yan adaidaita, tambayar nan ta wata biyu ta warware masa. Shi ya ɗauka suna kayan mutum ne, yana cikin akwatinsa. A gidansu kuwa suna tsakanin mutum biyu yake zaune, sai ka san mai kira da wanda ake kira kafin ka san me za a ce. Abin da Lisp ke ta nuna masa ke nan, shi kuwa yana yi wa yaren dariya. Ya isa gida ko takalmi bai gama cirewa ba ya zauna ya fitar da aikin kira daga cikin akwatunan. Ya rubuta ƙa'idar kaka da jika mai sunan mijinta, ya rubuta ta mata da miji, ta suruka da uban miji. Daɗi ya kama shi, har yana magana shi kaɗai.

Da ya zo kan uwa da ɗan fari sai ya tsaya cak. Me zai sa? Ya kira Bahijja.

“Don Allah, idan ba na nan, me Hajiya take ce mini?”

“Ba ta ce maka komai.”

“To ya kuke gane ni take nufi?”

“Sai dai ta ce, ‘Ya zo kuwa?’ ko ‘A kira shi.’ Idan ba ta faɗi suna ba, ai kai ne, Yaya. Kowa a gidan nan ya sani.”

Ya ajiye wayar ya koma kan allon. Yaren ya yarda a rubuta ƙa'ida saboda mutum ɗaya tak, don haka ya rubuta: idan Hajiya 'Yardada ta danna, ta yi magana, babu sunan kowa a ciki, a kira Isyaku. Layi huɗu ne kawai. Washegari ya kai ya ajiye mata, ya bar wa Bahijja bayanin, don shi bakinsa ba zai iya ba.

Kwana uku ba labari. Har ya fara zargin ko ya yi kuskure a wani baka-biyun. Ran Alhamis da hantsi yana tsaye wajen mai gyaran taya sai wayarsa ta yi ƙara, lambar na'urar ce. Ya ɗauka da sauri.

“Hajiya! Lafiya? Jirin ne?”

“Lafiya ƙalau,” in ji ta, muryar can ƙasa. “Ni ban kira kowa ba. Abin nan ne ya kira.”

“To, Hajiya.”



“Tunda dai ya riga ya kira,” ta ce, “an karya kuwa?”