Injin da Ba Ya Jiran Gaisuwa

Bayan an rufe masaƙar da Baba ya yi wa aiki a Kakuri, bai iya zaman gida ba. Ya sayi wata ƙaramar tarakta tsohuwar hannu, ya koma noma a bayan Kamazou, a gonar da wani dattijo ɗan Gbagyi ya ba shi aro. Sharaɗin dattijon ɗaya ne. Duk inda garma ta bi, Baba ya ci gaba da nomansa. Inda damina ta wuce ba a nome ba, 'ya'yansa za su yanka shi fuloti, don gari ya riga ya iso bakin gonar.

A tudu taraktar ba ta da matsala. Gangaren rafi ne ya fi ƙarfinta, inda ƙasar take laka, baƙa mai nauyi. Da ta shiga sai ta yi ta nishi, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya. Da, samari Baba yake ɗauka su nome wurin da hannu, amma duk sun koma tuƙin keke mai ƙafa uku. A bakin direbobin manyan motoci na Kudenda, inda nake aiki, ya ji labarin turbo, abin da ake haɗa wa inji don ƙara masa ƙarfi. Tun daga ranar ba mu sake hutawa ba a gidanmu.

Bakaniken da ya yarda zai haɗa masa wani Ibo ne a Kakuri, wanda ya girma a nan, Hausa a bakinsa kamar tamu. Ni na raka Baba. Ya ciro mana abin daga cikin tsumma, wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, ya yi bayani cewa hayaƙin salansa ne ke juya farfelar da ke ciki, ita kuma ta tura wa injin iska, sai ƙarfi ya ƙaru. Ya yi kwanaki yana yankan bututu yana walda, ya ja wa abin hanyar baƙin mai, ya ƙara wa famfon gas hannu kaɗan. Ranar da za mu ɗauka ya riƙe makullin, ya ƙi saki.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. In inji ya yi zafi, kada ka kashe shi kai tsaye. Ka bar shi yana aiki a hankali na 'yan mintoci. In ka kashe nan take, mai zai tsaya, abin nan kuma yana ja wur, zai ƙone kansa."

Baba ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ni dai na san mahaifina.

Baba ba ya amsa gaisuwa a kan ƙarar inji. A shekarun da ya yi a masaƙa da hannu suke magana saboda ƙara, kuma ya sha faɗa mana cewa ya gaji da ganin bakin mutane yana motsi ba ya jin abin da suke cewa. Don haka ko wa ya ɗaga masa hannu daga bakin gona, sai ya murɗa makulli, ya sauko, ya cire hula. Hanyar rafi kuwa ta gefen gonar ta bi. Mata masu itace suna wucewa, masu zuwa cocin safe suna wucewa, ga Malam mai kiwon shanu, ga dattijon mai gona da sandarsa. Kowanne sai an tambaye shi kwanan iyali, da gajiya, da ruwan jiya.

A kwanakin farko abin ya yi kyau ƙwarai. Taraktar ta koyi wani fito siriri, ta shiga laka tana kifar da ita kamar ana yankan tuwo. Na ga Baba yana dariya shi kaɗai a kan kujera, na ji daɗi har cikin raina. Ya ma yi ƙoƙarin bin umarni. Da idona na ga ya bar injin a kunne, wata tsohuwa tana tsaye da kaya a ka tana jiransa, shi yana kallonta yana kallon makulli, zufa na keto masa. Bai kai rabin lokacin ba ya kashe. Da na yi masa faɗa, cewa ya yi in ni na iya barin sa'ar kakata a tsaye saboda ƙarfe, shi bai iya ba. Na fusata, na ce to ya ɗaga mata hannu mana kamar kowa. Ya ce hannu ai na direban bas ne.

Ba a daɗe ba fiton ya koma kuka, hayaƙi ya zama shuɗi. Na ɗauko bakaniken a babur zuwa gonar. Baba yana tsakiyar laka, inji ya ɗau zafi, bakaniken ya tsaya a bakin kunya ya ɗaga hannu don ya gan mu. Nan take muka ji ƙarar ta ɗauke.

Bakaniken ya dafe kai. "Haba Baba, har ni ma?"

"Kai ba mutum ba ne?" in ji Baba, yana saukowa da hula a hannu.

Dariya muka yi duka, amma da bakaniken ya kwance bututun ya taɓa farfelar da yatsa, sai ya daina. Ta riga ta yi sako-sako, mai ya ƙone ya daskare a jikinta. Irin wannan ƙaramar ba a samunta a Kaduna sai an aika kudu, ruwa kuma ba zai jira mu ba. Ya mayar da injin yadda yake a da. Damina ta wuce rabin gangaren ba a nome ba, ciyawa ta rufe shi.

Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan. Yanzu da na fara manyanta, ba na iya cewa ga mai gaskiya tsakaninmu. Bakaniken bai yi ƙarya ba, kuma aikinsa ya yi kyau. Sai dai an ƙera abin ne don mutumin da babu mai tsayar da shi a hanya, Baba kuwa duk unguwar ce ke tsayar da shi.

Dattijon mai gona bai so ba, amma magana ya riga ya yi ta gaban 'ya'yansa. Da rani ya shigo masu awo suka zo. Ina wurin ranar. Baba ya tsaya daga nesa yana kallo suna jan igiya, suna kafa duwatsun siminti a cikin laka. Can ya taka ya je ya yi musu sannu da aiki ɗaya bayan ɗaya, har ya nuna musu inda ruwa ke kwanciya don kada mai gini ya cutu.

A hanyar komawa yana bayana a babur. Sai da muka kusa Sabon Tasha na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ka san a gangaren nan masara ta fi yi," ya ce.

Na ce na sani, Baba. Na rage gudu, don in ji shi da kyau.