Galurar Kaka

Ƙarfe goma da rabi na safe, kwana tara bayan rasuwar Kaka, shirwa ta sure ɗan agwagwa na farko a tsakar gidanmu na Garo. Ina tsaye da jakar komawa makaranta. Na kalli agogo, na kalli manya, kunya ta hana ni buɗe baki.

Yau na ga jar galura a kasuwar Kabo, abin ya dawo mini sabo. Duk ƙyanƙyasa, Kaka takan jiƙa galura a wani tsohon kwano, ta shafe bayan 'ya'yan agwagi da na dinya ɗaya bayan ɗaya. Ni ke riƙe mata su, ɗuminsu na motsi a tafin hannuna. Yatsunta kan yi mako guda jajur.

"Riƙe da kyau, 'yar boko," takan ce. "Shirwa rawaya ta sani. In ta ga ja, wucewa take."

Waccan ƙyanƙyasar ta zo Kaka na kwance, ba wanda ya shafa musu. Da na dawo hutu, cikin sha huɗu ko ɗaya bai rage ba. Uwar tana zagaya gida tana kira. Ƙullin galurar na kan akurki, ba a ko kwance shi ba.

Allah Ya yi mata rumfa da rahamarsa, yadda ta kare ƙananan nan.

Duk wanda na tambaya yadda 'ya'yan agwagin suka ƙare sai ya ce ƙaddara ce. Daga ƙarshe na tsugunna gaban Kawu, ɗanta na fari, wanda ya shekara arba'in yana ganin tana yi. Na tambaye shi me ya hana a shafa musu galurar da ke kare su daga shirwa.

"Au, wai magani ne?" in ji shi. "Mu ai mun ɗauka kwalliya take musu."