Garin da Ake Duban Yamma a Yi Salla

Ni dai zuciyata a kusa take tun ina yaro, kuma duk unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda an san haka. Amma ban taɓa yin fushin da ya kai na shekarar da Inna, mahaifiyata, ta ce ba za ta bi ni Dammam ba.

A lokacin ina gyaran manyan motoci a wani gareji kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Aikin ba laifi, sai dai ba ya gaba, ba ya baya. Ɗaki biyu muke ciki, ni da matata da 'ya'ya da Inna. Ruwan sha sai mai ruwa ya kawo a garwa, ran da bai zo ba kuwa a yi ta kallon tulu. Sai ga wani abokina da muka koyi aiki tare ya zo hutu daga Dammam, can ɗaya bakin tekun, wajen masu haƙar mai. Ya yi ƙiba, har da agogo a hannu. Ya ce kamfaninsu na neman makanikai, za a ba ni gida mai famfo, ga makaranta kusa, kafili kuma, wato ubangidan da zai tsaya mana, zai gyara mana iƙama, takardar izinin zama, gaba ɗaya. Amma fa in zan zo, in zo bayan Babbar Salla, in ba haka ba wani ya shige.

Matata haihuwar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Tana jin maganar famfo ta ce, "Halas, maigida, yalla mu ɗaure kaya!" Ni ma raina ya riga ya tafi. Ina son Jidda, kar a ce ban faɗa ba. Ina son kifinta da shinkafa, da ƙamshin tsire a lungunmu, da yadda in alhazai suka sauka sai ka ji Hausa ta cika kasuwa kamar ba a ƙetare ruwa ba. Amma ƙamshin tsire ba ya sa yaro a makaranta.

Inna ma da farko ba ta ƙi ba. Abokin nawa ne ya ɓata mini miya da surutunsa. Yana cin tuwo a gidanmu yana ba da labari, sai ya ce abin da ya fi ba shi wuya a can shi ne salla, domin yamma suke duba. Inna ta ajiye carbi.

"Yamma? Musulmi ne kuwa?"

"Musulmi ne, Inna. Ai garin gaba da Makka yake, an wuce ta. Dole a juyo."

Shi ke nan, ya gama da ni. Inna ta ce tun tana yarinya a ƙasar Hausa, inda rana ke fitowa nan take sa goshinta. A hanya ma haka, a Jidda ma haka. Ta ce da ƙafarta ta tako, shekara da shekaru, ana noma a ƙasar mutane ana ƙara gaba, duk don ta kusanci Ɗakin Allah, ba za a ɗora ta a mota a wuce da ita kamar buhun gero ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai wannan, ka tafi da iyalinka. Ni a bar ni da faifan gyaɗata."

A bar ta? Ni kaɗai na rage mata. Mahaifina a hanya ya rasu, a wani ƙauye a ƙasar Sudan, ina goye a bayanta. Ita ta ƙetaro da ni a jirgin ruwa, ta raine ni da kuɗin soyayyar gyaɗa. In na tafi na bar ta, da wane ido zan dubi mutane, da wane ido zan dubi kaina? In kuwa na zauna, aikin ya tafi.

Na yi lallashi, na yi ƙunƙuni. Na ɗauko limamin unguwa ya yi mata bayani cewa alƙibla Ka'aba ce, ba fitowar rana ba. Ta saurare shi da ladabi, ta cika masa aljihu da gyaɗa, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na sani. Jikina ne bai sani ba." Rannan na buga ƙofa har ƙusa ta fita. Matata ta ce in ci gaba, in na gama karya gidan ai dole a tashi.

Inna tana da wata al'ada. In ta yi la'asar ta sayar da abin da za ta sayar, sai ta ɗauki tabarma ta taka zuwa bakin ruwa, ta zauna tana kallon teku har rana ta faɗa ciki. In an kira magariba ta juya, ta ba ruwan baya, ta yi salla. Mu duk mun ɗauka iska take sha. Ana saura kwanaki kaɗan Salla na bi ta can, da niyyar in gaya mata na haƙura da Dammam, in kuma tabbatar ta ga yadda abin ya ci mini rai. Na zauna nesa da ita ina hura hanci. Na ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi." Ta ce to in faɗa ruwan mana, ga shi nan kusa.

Can ta nuna teku da haɓa.

"Ubanka yana ta can."

Ba ta cika ambatonsa ba. Ta ce kullum nan take zuwa ta gaishe shi, ta gaida iyayenta da ke can bayansa, a gida. Ta ce abin da ke mata ciwo, da an kira salla sai ta juya musu ƙeya. Haka ta bar kabarin ran da ayari ya tashi, ta ba shi baya tana tafiya, ba a ko bar ta ta waiga ba.

Sai ta yi tsam, kamar mai lissafi.

"Kai wannan. A garin naku, in mutum ya dubi Makka, me ke bayan Makka?"

"Jidda, Inna."

"Bayan Jidda fa?"

"Wannan ruwan."

"Bayan ruwan?"

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ta maimaita wa kanta a hankali: Makka, ruwa, shi, sannan gida. Ta ce, "Astagfirullah, ba don kowa nake salla ba sai don Allah. Amma ashe akwai inda mutum zai tsaya, duk abin da yake so ya kasance a gabansa?"

Aka kira magariba. Ta juya ta yi sallarta, ni ma na yi tawa, hawaye na zuba, ƙato da ni. Da ta shafa addu'a ta naɗe tabarma, ta ce in ɗauka mata, kuma in daina zumɓura baki, ba a fafe gora ranar tafiya, gobe a fara ɗaurin kaya.

Bayan Salla muka hau mota. Hanyar doguwa ce, Inna ta yi ta mita, ta ce zafin can ya fi na Jidda, kifinsu ba ɗanɗano, gyaɗarsu kuwa abin kunya. Amma magaribar farko a sabon gida, ita ta riga kowa shimfiɗa tabarma. Na tashi zan nuna mata alƙibla ta ce in matsa, tana ganin inda rana ta faɗi. Ta daɗe a zaune bayan sallama, na ji tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba wani labarin hanya.

Ta ga jikokinta sun shiga makaranta, ta sha ruwan famfo tana kushe shi. A can Allah ya karɓi abarsa. Ni na shiga kabarin na karɓe ta, na kwantar da ita a gefen dama yadda ake yi wa kowane Musulmi, na gyara mata fuska ta dubi yamma.