Koren Yaya Ilu

Duk wanda yayana Ilu ya taɓa buga wa hoto ko rubutu a riga a Gumel, ya juya ta ciki wajen kalmasa, zai ga ɗan ɗigon kore kamar ƙwayar wake. Ba wanda ya sa shi! Kore ɗaya yake nema duk rayuwarsa, wanda ya gani a gonar geron mahaifiyarmu a Gagarawa, wata safiya bayan ruwa, tana tsaye a ciki. Sai ya mayar da rigunan jama'a wurin gwaji. Ya danna injin buga rigar, ya ɗaga, ya fita inuwa, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ya kusa." Ni kam har na tsani kalmar nan.

In ce, "Yaya, kore ai kore ne."

Ya ce, "Ke Hajara, wancan yana numfashi."

Kun tuna 'yan ƙwallon Sule Tankarkar? Jajayen jesi suka kawo, masu santsin nan, a buga musu fararen lambobi. Yaya yana can duniyar korensa, ya bar injin da zafin da yake yi wa rigar auduga. Kafin ranar wasa jan ya tsattsafo cikin farin, lambobi duk suka koma ruwan hoda.

Kyaftin ya zo yana huci: "Malam Ilu, 'yan kai amarya ka mai da mu?"

"Jan ne ya ji zafi ya yi gumi. Ku dai ku yi gudu, ba mai ganin bayanku sai wanda kuka wuce."

Daga ranar ya koma rage wa irin yadin zafi, amma har ya bar duniya bai yarda kuskure ne ba. Wai bincike!

Sai wani Alhaji daga Maigatari, ya ɗora wayarsa a kan rigar da aka buga masa: "Duba shuɗin nan yadda yake ƙyalli a waya, naka kuwa kamar ya tashi daga zazzaɓi."

Yaya ya ce, "Alhaji, waya fitila ce a cikinta. In haɗa maka ƙwan lantarki a ƙirji?"

Da damina kuwa sai ya fara danna rigar ba hoto, tururi ya fita, domin danshi yana kashe launi. Ya tsaya yana kallon tururin yana murmushi, kamar wani yake hangowa a ciki. Mai riga na jira, shi ya tafi Gagarawa a tsaye.

A jinyarsa ta ƙarshe na tambaye shi, "To Yaya, an samu?"

Ya lumshe ido. "Ina jin ba tawadarsa a nan."

Ranar zaman makoki kyaftin ɗin nan ya shigo gaishe mu, ya juya kalmasar rigarsa ya nuna min. Sai na kusa da shi ma ya juya, sai wani, sai wani. Kore iri-iri, ba biyu da suka zo ɗaya. Na fara dariya, ban san lokacin da ta zama kuka ba. Wallahi ina kewarsa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya haɗa ka da Inna, Ya tufatar da kai koren Aljanna, ka duba da ido biyu ka ce, "Shi ne."