Majo Mardiyya, Wadda Ta Riƙe Mini Hannu

Kafin majinyata su cika rumfa, Majo Mardiyya, shugabar ma'aikatan jinya a ƙaramin asibitinmu na ƙasar Buza, ta riga ta buɗe kabad ta bi kwalaben magani ɗaya bayan ɗaya. Wanda kwanansa ya ƙare ta ware shi gefe. Daga nan ta gwada sikeli, don a wurinta ba a ba yaro magani da ƙiyasin ido, sai an auna nauyinsa. Shekara talatin da ɗaya haka take, kuma a watan nan take ajiye aiki.

Mun sha gulmarta, ba zan ɓoye ba. Tambarin kwalba sau uku take karantawa: da ta ɗauko, da za ta zuƙa, da za ta mayar. Abdallah mai gadi ya ce ya taɓa ganin ta mayar da wani dattijo tun daga bakin ƙofa, don kawai ta sake nuna masa da yatsa cewa ƙwaya ɗaya ce da safe, ba uku ba. Mu matasa muna ganin ɓata lokaci ne.

Ni na fi kowa baki a kan haka, har wata damina da masassara ta cika mana ɗaki. An rubuta wa wani yaro Isiyaku, ɗan shekara takwas, allurar tsayar da jijjiga. Na zuƙa daidai nauyinsa, na shiga da sauri. A gadon farko wata matashiyar Bafulatana daga wajen Tama tana zaune kusa da yaro lulluɓe cikin bargo, uwar mijinta a gefe. Na tambaye ta ko wannan ne Isiyaku. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Na ɗauka i ta ce.

Ina kai hannu, Majo ta riƙe ni ta baya.

"Wa ya hwaɗa miki sunanai?" in ji ta a hankali.

Na nuna uwar. Majo ba ta ko dube ta ba, sai ta tambayi tsohuwar. Sunan yaron Hamidu, shekararsa biyu, kuma ɗan fari ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, balle ta nuna damuwa da shi a gaban surukarta. Ni da aka haifa a Adar na san wannan sarai, sauri ne ya mantar da ni. Isiyaku yana gado na uku. Abin da ke cikin sirinjin ya kusa ninka na Hamidu sau uku, kuma maganin nan idan ya yi yawa numfashi yake tsayarwa.

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta tsaya har na yi wa Isiyaku allurarsa, sannan ta ja ni bayan ɗaki ta ce kada in ƙara yin tambayar da shiru zai iya amsawa. In nemi kaka ko maƙwabciya ta faɗi sunan da bakinta, in duba karne, wato katin asibiti, in duba nauyi. Ba ta taɓa ba kowa labarin ba.

Majo, ke ce kika rufa mini asiri shekara tara, yau ni na tona da kaina don a san wadda za mu rasa. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma 'yan'uwana masu riƙe da sirinji daga Madawa zuwa Kaita, ku daure ku yi jinkiri irin nata, ko da layi ya kai bakin titi.

Uwar Hamidu takan biyo ta asibiti ranar kasuwa, ta ajiye mini nono a ƙwarya. Har yau ba ta faɗin sunansa, sai ta ce "wancan" yana can wajen shanu. Ni take yi wa godiya, wai na kula da ɗanta. Majo, ban taɓa iya shan nonon nan ba sai na kawo miki kin fara sha.